Manta kalmar sirrin kwamfuta: Abin da za a gwada kafin a yi mata fomat

Ɗalibi ya gama rubuta kundin digirinsa, saura kwana biyu ya miƙa, sai kalmar sirrin kwamfutarsa ta ɓace masa. Da yawa kan garzaya wurin mai gyara a yi mata fomat. Kwamfutar za ta buɗe kam, amma kundin ya tafi.

Mai asusun Microsoft a Windows 10 ko 11 ya fi samun sauƙi. Da wayarsa zai shiga shafin kamfanin, a turo masa lambar tantancewa ta imel ko layin da ya yi rajista da shi, ya zaɓi sabuwar kalma. Sai dai dole kwamfutar ta hau intanet kafin ta karɓe ta, kuma a nan ne wasu ke zaton abin bai yi ba.

Wanda asusunsa na cikin kwamfutar ne kawai, tun 2018 Windows 10 ke neman a zaɓi tambayoyin tsaro uku. Idan ya shigar da kalmar da ba daidai ba, wurin sauya ta zai bayyana, sai ya amsa su.

Babbar matsalar ita ce BitLocker, tsarin da ke kulle bayanan ciki. Ko an ciro rumbun ajiyar an jona shi da wata kwamfutar, ba abin da zai karantu sai da mabuɗi mai lambobi 48. Galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Idan ta hannu ce aka saya a kasuwa, mai yiwuwa mabuɗin na wurin tsohon mai ita.