Ba Kowane Ƙaramin Tsuntsu Ne Jan Baki Ba

Kwanan baya wani ɗalibina ya shigo aji da tsuntsu a hannu, ya harbo shi da danko. Ya ce, "Malam, na kashe jan baki, ɓarawon dawa." Da na duba, sai na ga gwara ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Manoman shinkafa na Yagwa da masu noman masakwa a kewayen Marwa sun san ɓarnar jan baki. Tsawonsa kamar santimita 12 ne kawai, amma dubbai suke sauka gona lokaci guda. Wahalar ita ce, da rani ƙananan tsuntsaye da yawa sukan koma ruwan ƙasa, sai su zama kamar Hassan da Husaini. To, yaya za a rarrabe su?

Da farko a dubi baki. Na jan baki ja ne, gajere, mai kauri, ko da yake na macen yakan koma rawaya lokacin ƙwai. Na gwara baƙi ne ko mai duhu.

Na biyu, a dubi kai da baya. Jan baki yana da fari-farin layi bisa ido, bayansa kuma zane-zane. Gwara ta ɗan fi shi girma, kanta ruwan toka, bayanta ja-ja ba zane.

Akwai kuma mai ruɗin mutane, wato zalaidu ɗin nan baƙi da fari mai dogon wutsiya. Bayan damina namijin yakan zubar da wutsiyar, ya koma ruwan ƙasa, ga bakinsa ja. Amma ka dubi kansa, za ka ga baƙaƙen layuka ɓaro-ɓaro, waɗanda jan baki ba shi da su.

Na uku, a lura da hali. Gwara 'yar gida ce, bibbiyu ko 'yan kaɗan take yawo, tana kai wa 'ya'yanta ƙwari. Jan baki kuwa sai ka hango garkensu kamar hayaƙi.

Saboda haka, iyaye da 'yan'uwana malamai, mu koya wa yara su tsaya shiru da sassafe, rana a bayansu, su duba da kyau kafin su ba tsuntsu suna. Laifin wani kada ya hau kan wani. Allah Ya tsare mana amfanin gona, amin.