Tsare Mai Laifi Bayan Cikar Wa'adinsa

Abin da shari'a ta saba da shi shi ne, idan alƙali ya yanke wa mutum ɗaurin shekara kaza, ran da wa'adin ya cika sai a buɗe masa ƙofa ya kama gabansa, domin uƙuba sakayya ce ta laifin da ya riga ya auku. Amma a ƙasar Jamus, tun watan Nuwamba na 1933, zamanin mulkin Hitila, akwai dokar da ta halatta a ci gaba da tsare wanda ya shahara da miyagun laifuffuka bayan ya gama zaman kurkukunsa, muddin ana tsoron zai koma ga halinsa. Hujjar mahukunta ita ce wai wannan ba horo ba ne, kariya ce ga jama'a.

Da can iyakar tsarewar farko shekara 10 ce, sai majalisa ta soke iyakar a 1998, har abin ya shafi waɗanda aka hukunta tun kafin sokewar. Daga cikinsu akwai wani da takardun shari'a suka saya sunansa, suka kira shi M., wanda kotun Marburg ta ɗaure shekara 5 a 1986 saboda fashi da yunƙurin kisa, ta kuma ce a ci gaba da tsare shi bayan cikar wa'adin, wanda bisa tsohuwar ƙa'ida ya kamata a sallame shi a 2001. Da kotun tsarin mulkin ƙasarsa ta ƙi ƙararsa, sai ya ɗaukaka ta zuwa Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg, ita kuwa a ran 17 ga Disamba 2009 ta hukunta cewa an zalunce shi, tana mai cewa tsarewar da ake yi a cikin kurkuku, ba tare da wani bambanci na a zo a gani da zaman sauran fursunoni ba, uƙuba ce ko da an sauya mata suna, kuma ba ya halatta a tsananta wa mutum uƙuba da dokar da babu ita lokacin da ya yi laifinsa.

Lalle maslahar jama'a abin kiyayewa ce, kuma wanda aka taɓa yi wa 'yarsa fyaɗe ba zai ga aibin wannan doka ba. Sai dai gaibu Allah kaɗai ya san shi, kuma rahoton likitan ƙwaƙwalwa, kome zurfin iliminsa, zato ne, bai kai matsayin yaƙini ba.

A watan Mayu na 2011 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta rushe waɗannan tanade-tanade, ta ba majalisa wa'adi zuwa ƙarshen Mayu na 2013 ta gyara su, da sharaɗin a raba mazaunin irin waɗannan mutane da na fursunoni, a yi musu magani, a kuma riƙa sake duba lamarinsu a kai a kai. Dokar tana nan har yau, amma nauyin kawo hujja yana ƙaruwa a kan hukuma gwargwadon daɗewar mutum a tsare.