Mene ne ƙalubalen karatu a intanet?

Ƙalubalen karatu alkawari ne da ɗalibi kan ɗauka a bainar jama'a cewa zai yi karatu kullum na wasu kwanaki, yana wallafa abin da ya cim ma a shafukan sada zumunta. Cikin waɗanda suka shahara akwai #100DaysOfCode, wanda Alexander Kallaway ya faro a 2016: aƙalla awa ɗaya ta rubuta manhajar kwamfuta kullum, har kwana 100.

Wasu kuma kan haska kansu kai tsaye a YouTube suna karatu shiru, masu kallo na yin nasu a gida. Da yawa kan bi tsarin Pomodoro na Francesco Cirillo ɗan Italiya: karatun minti 25, hutun minti 5.

Sirrin abin shi ne idon jama'a, domin kunyar fashi kan tayar da malalaci. Sai dai wayar da ake wallafawa da ita kan cinye lokacin karatun. Don haka mai shirin jarrabawar JAMB ko WAEC ya auna kansa da tambayoyin da ya iya amsawa, ba da awannin da ya ƙirga ba.