Yinin Guda A Bakin Ganuwar Katsina

Katsina tana ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar Hausa na dā. Wanda ya ke so ya ga alamun girmanta, yini guda ya ishe shi, muddin ya yi sammako, ya kuma sami jagora wanda ya san gari. Jagora yana da muhimmanci ƙwarai, don yawancin abin da za a gani ginin ƙasa ne, baƙo kuwa yana iya wuce shi yana tsammanin tsibin ƙasa ne kawai.

'Yan makaranta su kan fara wannan yawo daga Ƙofar Sauri, wajen arewa maso gabas da gari. Tana cikin ƙofofi bakwai da aka sani, sauran su ne Ƙofar Durɓi, da Marusa, da Ƙaura, da Ƙwaya, da 'Yanɗaka, da Guga. Huɗu daga cikinsu sunayen sarautu gare su, watau Durɓi da Marusa da Ƙaura da 'Yanɗaka, manyan hakiman Katsina ke nan. A zamanin dā kowace ƙofa ƙunci gare ta, tana da ƙyaure mai nauyi da mai tsaronta. Da dare ya yi sai a rufe, ayarin da ya makara ya kwana a waje. Yanzu an sāke gina yawancinsu da siminti, an faɗaɗa su don motoci, saboda haka abin da yaro zai gani ba ainihin ƙofar dā ba ce, wurinta ne da sunanta.

Daga nan jagora ya kan nemi inda guntun ganuwa ya saura, ya tsai da yara a gindinta. Nan ne ya kamata a daɗe. Ganuwa ba da dutse aka gina ta ba, da jar ƙasa ce. A kan haƙa ƙasa nan kusa, a kwaɓa ta da ruwa, a tattake, a ɗora sahu bisa sahu, gindi da faɗi, kai da tsini. Ramin da aka bari a bayanta shi ne gwalalo, wanda ya ke hana dawakin abokan gaba matsowa. Kun ga aiki ɗaya ya ba da kariya biyu. An ce Sarki Ali Murabus ne ya gina babbar ganuwar da ta kewaye birni, fiye da shekara 400 da suka wuce.

Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851. Ya kimanta kewayen ganuwar ya kai mil 13 ko 14, watau wajen kilomita 22. Ba gidaje kaɗai ke ciki ba, har da gonaki da rijiyoyi, domin in an yi wa gari zobe mutane su sami abin ci. Amma Barth ya tarar yawancin filin ba kowa. A ganinsa mutanen gari ba su wuce 7,000 ko 8,000 ba, don yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun sa fatake da yawa sun koma Kano.

To, me ya cinye wannan babban gini? Ba yaƙi ba ne. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da gyara. Kowace damina ruwa ya kan zaizaye shi, in kaka ta wuce sai sarki ya yi shela, jama'a su fito, kowace unguwa da nata yanki, a yi yaɓe. Da yaƙi ya ƙare bayan zuwan Turawa, sai aka daina wannan gayya. Ruwa ya ci rabonsa, masu gini suka riƙa ɗiban ƙasarta suna yin tubali, gari kuma ya yi girma ya tsallake ta. A wurare da yawa yanzu gidaje ne a inda ta ke dā.

Ba nisa da Ƙofar Sauri akwai tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Ita ma da ƙasa da azara aka gina ta, amma tana nan tsaye, don an mai da ita gidan adana kayan tarihi, ana duba ta. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. An ƙaurar da makarantar zuwa Kaduna a 1938, daga baya zuwa Zariya, ita ce Kwalejin Barewa. Yaro ya shafa kaurin bangon ɗakunan, ya ji sanyin da ke ciki ko da rana tsaka.

Sa'an nan sai a nufi tsakiyar gari, a tsaya a Ƙofar Soro, bakin fadar Sarki. Ana kiran fadar Gidan Korau, da sunan Muhammadu Korau, wanda aka ce shi ne ya kashe Sanau wajen kokawa ya karɓe sarauta. Takobin nan Gajere yana cikin kayan sarautar Katsina. Ba a shiga cikin gida sai da izini, kuma ladabi ne a tuɓe takalmi inda dogarai suka ce.

Kafin azahar a kan isa Gobarau. Hasumiya ce ta wani tsohon masallaci wanda ya shekara fiye da 500, inda malamai suka yi ta karantarwa. Tsawonta wajen ƙafa 50 ne, watau mita 15. Masallacin ya rushe, hasumiyar ce ta saura, ita ma don an gyara ta zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. In mai tsaro ya yarda a hau, ba a hawa gaba ɗaya, sai kaɗan kaɗan, don matakalar ƙunci gare ta.

Daga samanta ne a ke ganin shimfiɗar ƙasa. Mai kallo zai ce fili ne miƙe, alhali kuwa Katsina bisa tudu ta ke, wajen mita 500 sama da teku. Wannan tudu na ƙasar Hausa shi ya raba ruwa biyu. Ƙoramun wajen Katsina su kan gangara su faɗa gulbin Rima, daga nan zuwa Kwara, amma na wajen Kano su kan nufi gabas, wajen tafkin Chadi. Wanda ya ke son ganin manyan duwatsu sai ya yi kudu, wajen Dutsin-ma. Jagora ya kan nuna yamma kuma, inda Ƙofar 'Yanɗaka ta ke. Ta nan Gwamna Lugga ya shigo da sojansa a 1903.

In da mota, bayan azahar a kan fita ta Ƙofar Durɓi a yi gabas zuwa ƙasar Mani, a ga Durɓi ta Kusheyi. Nan babu ganuwa babu soro, sai waɗansu tsibin ƙasa da manyan kukoki. An ce kaburburan sarakunan farko ne, tun kafin sarauta ta dawo inda birni ya ke yanzu. An tona waɗansunsu a 1907, aka sāke tonawa a 1992, aka sami kayan tagulla da na zinariya da na hauren giwa. Ba a bari yara su yi wasa a kan tsibin, ko su ɗauki ko da tsingaro ɗaya.

Da la'asar sakaliya sai a juyo, don a iso Ƙofar Sauri kafin magariba, lokacin da a dā mai tsaro ke shirin jawo ƙyaure.