Man Mota Ba Manja Ba Ne

Ran nan da asuba, cikin sanyin Janairu, na fito daga masallaci na tarar da wata Kanta shaƙe da buhunan masara a bakin hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa. Yaron motar ya jawo kara daga gonar da ke gefe, ya cusa ƙarƙashin injin, ya kunna. Harshen wuta na lasar ƙarfe, shi kuwa yana durƙushe yana hurawa kamar mai dafa ɗumame. Na ce, "Kai samari, me kake yi haka?" Ya ce, "Baba, man ne ya yi barci, sai an tashe shi." Direban na zaune a gefe cikin bargo, yana kurɓar shayi.

Na gaji da ganin wannan abu. Duk shekara da zarar hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ka gan shi a tashoshi da bakin kasuwannin hatsi na Ɗandume, Bakori, Ɗanja da Ƙafur, daidai lokacin da kara ya yi yawa kuma motoci suka fi ɗaukar kaya.

Na san inda maganar ta samo asali. Daga madafa ta fito. Kowa ya ga yadda manja da man shanu da man kaɗe ke barci da sanyi, sai uwargida ta ajiye kwalbar kusa da murhu kafin su narke. Sai aka ɗauki wannan hukunci aka ɗora wa tankin mota. To man mota ba manja ba ne. Ruwa ma sai sanyi ya kai digiri sifili yake ƙanƙara. Man gas kuwa, wajajen nan ne ko ƙasa da haka yake fara kauri har ya toshe matata. Fetur ba a ma maganarsa, don ko sanyi ya sauka digiri 40 ƙasa da sifili yana nan ruwa. Mu kuma sanyin da ke sa mu rawar ɗari a Funtuwa, da asuba wajajen digiri 10 zuwa 15 yake tsayawa. A Rasha da Kanada ne gas ke daskarewa da gaske. A nan, ko a daren da leɓe ya fi tsagewa, buɗe tankinka ka tsoma kara, za ka ga man yana ɗiga.

Wani zai ce, ai mun sha hura wutar kuma motar ta tashi. Gaskiya ne. Baƙin mai yana ƙara kauri da sanyi, kuma idan ƙarfen injin ya ji ɗumi yakan fi saurin juyawa. Amma lafiyayyar mota ba ta buƙatar wannan taimako a sanyi irin namu. In har sai da wuta take tashi, akwai cuta a jikinta, wutar kuma rufe ta kawai take yi zuwa gobe. Dubi kuma abin da ake kasada da shi: robobin mai, wayoyi, da dattin baƙin mai da ya daɗe yana taruwa a gindin injin, ga buhuna ko auduga a bisa, ga iskar hunturu da ba ta da alƙibla. Auduga fa! Mutum ya yi damina guda yana wahala, a zo a ƙone masa ita saboda hitar ɗumama inji da kuɗinta bai kai na buhu ɗaya ba.

Ƙanwar wannan ɗabi'a ita ce jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin shaƙar iskar injin gas. Injin gas ba shi da filogi. Matse iska yake yi har ta yi zafi, sannan man ya kama da kansa. Shi ya sa aka sa wa da yawansu hita, ta ɗumama wurin kafin a tayar. In fetur ya shiga ya tarar da hita ta yi ja, yana iya kamawa kafin lokaci, ya buga fistin, ya karya zobe, ko wutar ta dawo wa mai riƙe da tsumman a fuska.

Mafi yawan lokuta batir ne mai laifin. Zafin bazara ne ke cinye shi, watannin Maris da Afrilu suna ƙafar da ruwansa, sai sanyi ya zo ya tona asiri, don ƙarfin batir na raguwa da sanyi a daidai lokacin da injin ya fi nauyin juyawa.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, murɗa makulli ka kasa kunne. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ko injin na juyawa da ƙyar kamar mai ciwon baya, kuma fitilun gaban direba suna dushewa, nufi batir. Ɗaga bonet ka duba kawunansa. In ka ga farin gari ko kore ya taru, cire su, ka fara da baƙin, ka goge har ƙarfe ya fito, ka ɗaure tamau. Sau da yawa nan maganar ke ƙarewa. In ba ta ƙare ba, a kai wa mai wayarin ya auna da mita: cikakken batir yana nuna wajen 12.6, in ya sauko 12 ya yi rauni ƙwarai, in kuma injin na aiki ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4, in ba haka ba altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ma haka zai mutu. Don Allah a daina gwada batir da sifana ana kallon tartsatsi. Batir na fitar da iska mai kama wuta, yana fashewa, ruwansa kuma yana makantarwa.

In za a jona da wata mota, ja da ja, baƙar wayar ta ƙarshe kuma a maƙala ta a jikin ƙarfen injin, nesa da batir. Kada a jona ƙaramar mota mai 12 da babbar mota mai 24. Kada kuma a cire batir injin na aiki don a mayar wa mai shi aronsa, motocin yanzu ƙwaƙwalwarsu na ƙonewa da haka. Mai giyar hannu ana iya tura ta a giya ta biyu. Otomatik ba a tura ta, a bar wahalar da yaran unguwa.

In kuwa injin na juyawa garas amma ya ƙi kamawa, batir ba shi da laifi. A motar gas, buɗe makulli ka jira fitilar hita ta mutu, ka maimaita sau biyu. In tana ta zubar da farin hayaƙi ba ta tashi, a auna hitocin ɗaya bayan ɗaya, a sauya matattun. A ta fetur, a duba filogi, a saurari kukan famfon mai. Kada ka riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, sake shi ya huta, in ba haka ba ka ƙara wa kanka gyara na biyu. Matatar iska kuma, ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona tana toshe ta, a riƙa kakkaɓewa. Baƙin mai a bi lambar da kamfanin motar ya rubuta, ba duk injin ne ke son 20W-50 ba. Gurɓataccen mai da ruwa a tanki su ma suna hana mota tashi.

Shi yaron motar nan ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya tarar ke nan. Kirana ga iyayen gidansa ne, da masu motocin, da shugabannin ƙungiyar direbobi na tashoshin Funtuwa da Malumfashi. Ku hana hura wuta ƙarƙashin mota a harabarku, kuma tun watan Nuwamba, kafin a fara jigilar amfanin gona gadan-gadan, kowa ya kai motarsa a auna masa batir da hita.