Kufan Masaƙar Ulu ta Ivy a Roswell

A bakin kogin Chattahoochee, cikin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, akwai wani kufai wanda ba abin da ya saura a cikinsa sai guntayen bangon dutse. Nan ne mazaunin masaƙar ulu ta Ivy, wadda aka gina a garin Roswell cikin shekarar 1857.

Da ƙarfin ruwa masaƙar take aiki. An datse wani rafi da ke kusa, aka janyo ruwansa ta magudana, shi ke juya injunan kaɗi da na saƙa. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sai ta duƙufa wajen saƙa yadi mai ruwan toka, wanda ake ɗinka wa sojan Kudu kaki da shi. Wannan aiki shi ya jawo mata halaka.

A watan Yuli na 1864 dakarun Arewa suka shiga garin. Wani Bafaranshe, Theophile Roche, ya kafa tutar Faransa bisa masaƙar, wai don a ɗauka ba ruwanta da yaƙin. Dabarar ba ta ci ba, aka cinna mata wuta. Janar Sherman kuwa ya ba da umarni a kama ma'aikatan masaƙun garin bisa laifin cin amanar ƙasa. Su wajen 400 ne, galibinsu mata da yara, talakawa masu neman abin sawa a baki. Aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa arewa, kaɗan ne daga cikinsu aka san sun komo gida.

Bayan yaƙi an sāke gina masaƙar, amma daga baya ta mutu. Sai a shekarar 2000 aka kafa dutsen tunawa da ma'aikatan nan a Roswell.