Maganin Tsoron Tsawa Yana Cikin Tsawar

Duk daren 5 ga Nuwamba, sararin Birtaniya kan cika da ƙarar wasan wuta, ana tunawa da makircin da aka ƙulla a 1605 na tarwatsa majalisar dokokin ƙasar. Mutane suna ta shewa, karnuka kuwa suna ƙarƙashin gado suna karkarwa, wasu ma su tsallake katanga su ɓata. Binciken da Jami'ar Helsinki ta fitar a 2020 a kan karnuka fiye da 13,000 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na fama da tsoron ƙara. Ba abin mamaki ba ne, domin kunnen kare ya fi namu kaifi nesa ba kusa ba.

Dabarar da ta fi saurin shiga ran mutane ita ce a kunna wa karen kiɗa, kuma tana da madafa. A 2002, Deborah Wells ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta lura cewa karnukan gidajen ajiye dabbobi sun fi kwanciya su huta idan aka sa musu kiɗan gargajiyar Turawa mai taushi, kiɗa mai hayaniya kuwa sai ya ƙara musu haushi. A 2017 masana a Jami'ar Glasgow suka ga kiɗan rege ma yana cikin waɗanda suka fi kwantar musu da hankali. Sai dai wani binciken Glasgow na baya ya riga ya nuna wani abu da masu sayar da faifai ba sa son faɗi: idan aka yi ta maimaita kiɗa iri ɗaya, cikin 'yan kwanaki kunne ya saba, tasirin ya dushe. Kiɗa lallashi ne kawai, ba ya taɓa tushen tsoron.

Abin da ya cancanci a kira shi magani shi ne ƙarar da karen ke tsoro ita kanta. Ana kunna naɗaɗɗen sautin tsawa ko na wasan wuta ƙasa-ƙasa, yadda karen zai ɗaga kunne amma ba zai firgita ba, a lokacin kuma a miƙa masa nama ko a ja shi da wasa. Bayan kwanaki a ɗan ƙara murya. Da zarar ya soma lasar leɓe, ko haki, ko neman maɓoya, an yi gaggawa ke nan, sai a koma baya. A hankali ƙwaƙwalwarsa za ta ɗaure ƙarar da daɗi maimakon tashin hankali. Likitocin dabbobi Sarah Heath da Jon Bowen sun tsara irin wannan shiri, ƙungiyar Dogs Trust kuma tana raba shi kyauta. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni, don haka mai son karensa ya jure tsawar damina tun da rani zai fara.

Masu suka suna cewa lasifika ba hadari ba ce, kuma gaskiyarsu. Ba ta walƙiya, ba ta girgiza ƙasa, ba ta kawo ƙanshin ruwa, shi ya sa dabarar ta fi cin nasara a kan wasan wuta fiye da aradu, kuma karen da tsoronsa ya yi tsanani yakan buƙaci magani daga likita tare da horon. Amma rage rabin firgici ba ƙaramin abu ba ne. Wasu kuma za su ce kare ne fa, a bar shi ya saba da kansa. To, karen da aka bari cikin ƙara mai ƙarfi sau da yawa tsoronsa ƙaruwa yake yi, kuma firgitaccen kare ba ya gadi, ga shi ya fi saurin cizo. Sukar da ta fi nauyi daga Jami'ar Lincoln ta fito a 2018, inda aka nuna alaƙa tsakanin tsoron ƙara da ciwon gaɓoɓi: ƙarar kan sa dabba ta zabura, zaburar ta taso da ciwon. Karen da bai fara wannan tsoro ba sai da ya manyanta, likita ya kamata ya fara duba ƙugunsa da bayansa kafin a kunna masa komai.